Ɗakin Inna Mai Kallon Titi

Da Auta ya gama ginin benensa, ɗakin gaba ya ba mahaifiyarsa, kuma babu wanda ya yi mamaki. Mai gyaran famfo ne. Ya yi shekaru yana rarrafe a banɗakunan mutane kafin ya samu ya ɗora ɗaki biyu da ɗan falo a saman shagonsa. Ɗakin gaba shi ne babba, shi ya samu tayil mai sheƙi da fanka da wata ƙatuwar taga mai gilashi jeri-jeri da ke kallon titi. Ɗakin baya kuwa da ragowar bulo aka yi shi. Gado da durowa suka cinye shi, tagarsa kuma 'yar ƙarama ce, tana leƙa bayan gidan maƙwabta inda babu abin kallo sai bishiyoyi da igiyar shanya. Nan Auta ya shige da matarsa.

Matar tasa ɗinki take yi. Ta daɗe a gidan, har yaranta biyu sun tafi makarantar kwana, amma da yake ita ce matar ɗan ƙarshe, ba a sake kawo wata cikin dangin ba, har yau Amarya ake ce mata, ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Tsakaninta da Inna babu faɗa, babu kuma wata shaƙuwa ta a zo a gani. Inna ba ta taɓa yaba girkinta ba, ba ta kuma taɓa barin ko loma a kwano ba.

Inna tana ji da ɗakin nan. Duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta sa shi ya leƙa ta taga, ta ce, “Auta ne ya yi mini.” Wuni take a kan kujera a bakin tagar, ta san wa ya fita, wa ya dawo, wace ce ta sake zani sau biyu tun safe. Abin da baƙi ba sa lura da shi a ɗan zaman da suke yi shi ne titin hawa ne, kuma daidai ƙofar shagon akwai tudun siminti da aka gicciya don rage gudu. Auta da kansa ya jagoranci maƙwabta aka yi tudun, saboda yara masu tsallakawa. To, duk babbar motar da ta zo sai ta ci birki ta haye shi a hankali, sannan direba ya taka mai da ƙarfinsa don ya kama hawan. Da yawa cikin motocin nan bututun hayaƙinsu a tsaye yake, bakinsa sama. Kafin ka ce me, baƙin hayaƙi ya daki tagar Inna ya shige.

Asma tsohon ciwon Inna ne, tun tana budurwa. A da sai a daɗe bai motsa ba. Tun da ta hau benen nan kuwa ya zama abokin zama. Ƙirjinta ya riƙa fito, tari ya hana ta sakat, abin shaƙarta da a da yake ɓata a ƙasan jaka ya koma ƙulle a bakin zani. Kowa a dangi da nasa bayanin. Auta ya ce tsufa ne. Maƙwabta suka ce hawa da sauka ne. Yaya Babba, wato babbar 'yar Inna, wadda ke aure a ɗaya gefen gari kuma daga can take mulkin gidan nan ta waya, ta ce mai ne ya yi yawa a girkin Amarya.

Bangon da ke kewaye da tagar ya yi baƙi har Auta ya fara jin kunyar baƙi, sai ya kira mai fenti. Saboda warin fenti aka mayar da Inna ɗakin baya na ɗan lokaci, Auta da Amarya suka koma shimfiɗa a falo. A 'yan makonnin nan Inna ta zama wata daban. Ta yi barci har da minshari. Ta sauka shago da ƙafarta ta zauna tana yi wa masu sayen bututu faɗa a kan taya kaya da suke yi babu tsoron Allah. Amarya ce mai gyara mata shimfiɗa, ita ce kuma ta lura abin shaƙar yana kan durowa inda aka ajiye shi tun ranar farko.

“Kin gani ko?” in ji Auta yana dariya. “Tun ba ta shiga ba, murnar sabon fenti ta warkar da ita.”

Da warin ya fita aka mayar da Inna ɗakinta. Ba a rufa mako ba fiton ya dawo.

Amarya ce ta raka ta asibiti ranar ganin likita, don Auta yana da aiki. Likitar wata gajeriyar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta saurari ƙirjin Inna gaba da baya, ta sa ta hura wani bututu, ta duba abin da ya nuna.

“Inna, a ina kike kwana?”

“A kan gado,” in ji Inna.

“Tagar ɗakin ina take kallo?”

Inna ta kau da kai. Amarya ce ta amsa, ta faɗi titin da hawan da tudun, ta kuma faɗi abin da ta gani lokacin fenti. Likitar ta ajiye biro.

“To ai kun gano abin da kanku,” ta ce. “Baƙin da kuke gani a bango, shi ne mai kauri, hanci ma yana tare wani. Akwai wanda ido ba ya gani, ƙanana ƙwarai, su ne suke wucewa har can cikin huhu su zauna. Sai hanyoyin iska su kumbura daga ciki, su tara majina, su matse. Maganin da nake ba ta yana buɗe su. Amma in ta koma ta wuni ta kwana tana shaƙar abin da ya kumbura su, aikin banza muke yi ni da ita. Ku canza mata ɗaki.”

“Ɗakina babu abin da ya same shi,” in ji Inna.

“Ɗakin lafiyarsa ƙalau, Inna. Ke ce ba ki da lafiya.”

Suka hau motar haya, suka yi ta tafiya har suka kusa gida. Sannan Inna ta dafa gwiwar Amarya, abin da ba ta saba yi ba.

“'Yar nan, maganar matar can a can muka baro ta.”

“Inna, ai lafiyarki ce.”

“Na ji ta da kunnena, ba kurma ba ce ni. Yaron nan ya hana cikinsa ya gina mini ɗakin nan. Tun yana ƙarami yake cewa zai yi mini ɗaki mai taga. Yanzu in buɗe baki in ce masa ɗakin ne yake cinye ni? Gara ya cinye ni ɗin.”

Amarya ta gwada dabarun da ba sai an yi magana ba. Ta rufe tagar, Inna ta buɗe, ta ce ita ba fursuna ba ce. Ta ɗinka labule mai kauri, Inna ta naɗe shi gefe don yana tare mata titi. Da dabara ta ƙare, sai ta sauka shago da yamma ta samu Auta yana yanka bututu, ta faɗa masa duk abin da likita ta ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Ya saurara har ƙarshe. Ya goge hannu ya hau sama. Bai jima ba ya sauko, fuskarsa ba kamar yadda ya hau da ita ba.

“Na tambaye ta. Ta ce likita cewa ta yi ta rage shan ruwan sanyi.”

“Maigida, ina wurin fa.”

“Ita ma tana wurin.” Ya ɗauki zarton ya sake ajiye shi. “Na san falon nan duhu gare shi, na san kina wahala da ɗinki a ƙarƙashin ƙwan lantarki. In haske kike so, ki ce mini haske kike so, in nemi inda zan fasa miki taga. Amma uwata a ɗakin baya? Ina raye? Me zan ce wa Yaya? Me zan ce wa mutane?”

Maganar ta yi mata zafi fiye da yadda ta zata. Ba ta taɓa tunanin zai iya yi mata wannan zaton ba, kuma abin haushin shi ne cikin taushin murya ya faɗa, yana ganin adalci yake yi mata. Ta hau sama ta ɗora tukunya, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar da abin ya faru, wata tirela ce ta mace a kan tudun tun da hantsi. Motoci suka jeru a bayanta har ƙasan hawan, babu direban da ya kashe inji, kowa yana jiran a ce an tashi. Auta yana wani gini a bayan gari. Amarya tana kan keken ɗinki a falo ta ji kujera ta faɗi. Ta tarar da Inna a durƙushe ta dafa bakin gado, kafaɗunta suna hawa suna sauka, abin shaƙar yana hannunta ta fesa har ta gaji. Fiton ma ya daina fita, kuma wannan shirun ne ya fi tsorata Amarya. Leɓunan Inna sun sauya launi. Ita da matar maƙwabci suka kinkimo ta suka sauko, suka bi ta lungun baya don titi a toshe yake.

A asibiti aka kwantar da ita, aka rufe mata hanci da baki da abin numfashi. Da yamma, bayan ta dawo hayyacinta, dangi sun cika ɗakin, likitar nan ta hango Amarya a baranda ita kaɗai ta tsaya.

“Har yanzu ɗakin nan take?”

Amarya ta gyaɗa kai.

“Yau an yi sa'a,” in ji likitar. “Ba kullum ake yi ba.” Ta wuce abinta.

Ranar da za a sallamo Inna, Auta da Yaya Babba suka tafi ɗauko ta tun da safe. Amarya ta ce za ta tsaya ta gyara gida, kuma ba ƙarya ta yi ba. Suna fita ta sauka shago ta ɗauko sifana. Ta kwance gadon Inna ƙusa-ƙusa, ta kwance nasu, ta yi ta jan katako tsakanin ɗakunan biyu har hannunta ya yi kanta. Ɗakin baya bai ɗauki kayan Inna duka ba, don haka kabad ɗinta da kujerunta suka zauna a falo. Falo ya cika, keken ɗinki ya rasa wuri, dole ta tura shi ɗakin gaba. Wuri ɗaya ne ya rage a can bayan an kafa gado, wato bakin taga. Ta tsaya ta dubi keken a cikin hasken nan, ta san sarai yadda abin zai kasance a idon duk wanda ya shigo. Ta nemi wani wurin ta rasa, ta bar shi a nan.

Yaya Babba ce ta fara hawowa da jakar magunguna. Ta tura ƙofar ɗakin gaba, ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, ita ba mai ihu ba ce, a hankali take yanka mutum.

“Sannu da aiki, Amarya. Ashe ba ki yi zaton za ta dawo ba.”

Auta ya shigo riƙe da hannun Inna. Ya dubi gadonsa a ɗakin uwarsa, ya dubi matarsa.

“Likita ce ta ce a canza mata ɗaki,” in ji Amarya. “Hayaƙin titi ne yake tayar mata da ciwon. Ta faɗa tun zuwanmu na baya, ta sake faɗa ranar da aka kwantar da ita.”

“Likitar ce kuma ta ce ki kafa kekenki a bakin taga?” in ji Yaya Babba. “Kai, wannan likita ta san ɗinki.”

“Yaya, ga Inna nan, a gabanta aka yi. Inna, ki faɗa musu.”

Duka suka juya ga Inna. Tana tsaye ta dafa bango, ta rame, ɗankwalinta ya zame. Ta dubi ɗan nata, ta daɗe tana dubansa.

“Ni ban ji an ce haka ba,” ta ce.

Amarya ta yi niyyar rantsuwa, ta yi niyyar cewa a koma asibitin yanzu a tambaya. Auta kuwa ya riga ya fara naɗe hannun riga.

“Yanzun nan zan mayar da komai inda yake. Inna, zauna a falo, ba zan daɗe ba.”

“Kada ka taɓa,” in ji Inna.

“Inna, ɗakinki ne.”

“Na ce kada ka taɓa. Ni ba na jayayya da matar gida a kan ɗaki. Inda aka ajiye ni nan zan zauna. Daga gadon asibiti nake, ba za a yi ta yawo da ni kamar buhu ba. Duk wanda ya sake kwance mini gado, ni da shi ne.”

Ta saki bango ta nufi ɗakin baya da ƙafarta. Da ta zo wucewa ta gaban Amarya ta ɗago ido ta dube ta, kallo ɗaya, gajere, babu fushi a cikinsa ko kaɗan. A nan Amarya ta gane. Inna ba za ta iya fita daga ɗakin nan da kanta ba, don fitar tana nufin ta mayar wa ɗanta kyautarsa. Amma in korar ta aka yi, ta fita, kyautar kuma tana nan da darajarta. Abin da ake bukata kawai shi ne wanda zai yi korar. Amarya ta haɗiye rantsuwarta, ta shiga ta ɗauko wa Inna filo.

Labari bai kwana ba ya zaga dangi. Matan 'yan'uwa suka daina kawo mata ɗinki. In ta yi gaisuwa a waya sai a amsa a taƙaice a ce ana kan wani abu. Yaya Babba ta sa mata sabon suna, Mai Bene, sunan kuma ya bi ta. Baƙi suka riƙa zuwa duba Inna a ɗan ɗakin nan, su zauna a takure gwiwa na gugar durowa, Inna kuma ta karɓe su da fuskar wadda aka zalunta.

“To, ya za a yi,” takan ce. “Zamani ne. An ce in koma nan, na koma. Haƙuri ai namu ne.”

Tana faɗin haka da murya garau, ta kai ƙarshen zance ba tare da ta tsaya neman iska ba, ta kuma ɗora da labarin wasu. Baƙin su fito suna jinjina haƙurinta, suna cewa Allah ne ya dube ta ya ba ta lafiya duk da abin da aka yi mata. Amarya ce ke kawo musu ruwa, ta kuma kwashe kofuna.

Auta ya daɗe ba ya haɗa ido da ita. Yakan ci abinci ya sauka shago. Amma shi ma yana da kunne, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da uwarsa. Wata rana ya hawo da soso da gam ya bi gilasan tagar ɗaya bayan ɗaya ya toshe duk wata kafa. Amarya tana zaune tana kallonsa, bai juyo ba.

“Ƙarar motocin nan ce ta dame ni,” ya ce.

“Haka ne,” ta ce. Iyakar abin da suka taɓa faɗa a kan zancen ke nan.

Sai dai ɗinki ba ya yiwuwa a rufaffen ɗaki in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, wutar kuwa ɗaukewa take. Amarya takan daure har gumi ya fara ɗiga a kan yadin mutane, sannan ta ɓalle gilashi biyu ta ci gaba da taka keke. Ita ba ta da asma, haka take gaya wa kanta. Da farko maƙogwaro ne ya riƙa yi mata ƙaiƙayi. Daga baya tari ya zo, busasshe, mai naci, wanda ba ya jin zuma ba ya jin ruwan ɗumi. In ta fyace hanci da yamma sai ta ga baƙi a hankici, ta ninke ta jefa cikin wanki.

Wata rana da tsakar rana tarin ya sarƙe ta har ta saki keken ta dafa teburinsa. Da ta ɗago sai ta ga Inna a bakin ƙofa. Tun ranar da aka sallamo ta ba ta taka ɗakin ba, yau ma ba ta shigo ba, a kan dokin ƙofa ta tsaya.

“Tun yaushe kike wannan tarin?”

“Ba komai, Inna, zare ne ya shiga mini wuya.”

“Zare.” Inna ta dubi tagar, ta dubi bangon da ya fara yin duhu a kewayenta. “Ni za ki gaya wa zare. Tashi ki ja keken nan ki kawo ɗakina. In aka fitar da durowa zai shiga. Can za ki riƙa wuni.”

“Inna, ɗakin ba zai ɗauke mu ba.”

“Zai ɗauka.”

Amarya ta goge ido da bakin mayafi, tarin ne ya kawo hawayen, ko aƙalla shi ya fara kawo su.

“Yaya za ta ce na kore ki daga ɗaki ɗaya, na kuma biyo ki na biyun zan ƙwace.”

“Za ta ce,” in ji Inna. “Ni ma zan ce, kafin ita ma. Kama can, in kama nan.”